Naitirojin a taya: tana cin kuɗinta ko dabarar gidan mai ce?

Baban Sadiya (Agege):
Assalamu alaikum jama'a. Shawara nake nema. Jiya na tsaya shan mai a wani gidan mai a titin Ikorodu, sai yaron da ke wajen ba da iska ya ce tayoyin Corolla ɗina sun yi ƙasa, in bari ya sace iskar da ke ciki gaba ɗaya ya ɗura mini naitirojin. Wai ba ta zafi, ba ta fashewa, kuma sai in yi wata shida ban waiwayi mai faci ba. Naira dubu ɗaya kowace taya. Na ce masa sai na yi tambaya tukuna. To gaskiya ne? Sannan in na sa, gobe na taka ƙusa a Oshodi, mai facin da ke kusa ba shi da ita, yaya zan yi? Ana haɗa su?

Ɗan Zango:
Wa alaikumus salam. Wato a Legas yanzu iska ma ta rabu gida biyu, akwai ta talaka akwai ta masu hali. Saura a fara karɓar kuɗin inuwa a ƙarƙashin gadar Ojuelegba.

Direban Lekki:
Ɗan Zango ka bar wasa, ni ganau ne ba jiyau ba. Jif ɗin maigidana naitirojin muke sa mata tun ranar da aka sayo ta. Mun je Abuja ta Lokoja mun dawo, ban tsaya wajen mai faci ba. Kuma in ka dafa tayar bayan doguwar tafiya, ba ta yin irin zafin da tayar tsohuwar motata ke yi. Ai ba a banza jiragen sama da motocin tsere suke amfani da ita ba. Baban Sadiya ka sa kawai, dubu huɗu ba ta kai ran mutum ba.

Malamin Kimiyya (Surulere):
Kafin a yi nisa bari in ajiye lissafi. Iskar da muke shaƙa yanzu haka, wadda injin mai faci ke zuƙa ya tura cikin taya, kashi 78 cikin 100 nata naitirojin ce. Kashi 21 oksijin. Ragowar yawanci wata iska ce da ake kira agon, sai tururin ruwa gwargwadon damshin wuri. Ke nan Baban Sadiya, tayarka tun da aka fara ba ta iska naitirojin ce ta fi yawa a cikinta. Abin da yaron zai sayar maka shi ne ya ɗaga 78 ɗin nan zuwa casa'in da wani abu.

Akwai amfani guda da ba a musunsa. Taya ko ba ta da huji, tana rage iska a hankali ta cikin robar kanta, kuma oksijin ta fi naitirojin saurin ratsa roba, kamar sau uku zuwa huɗu. Amma sai a tambaya, bambancin nawa ne a aikace? Mujallar Consumer Reports ta Amurka ta gwada, ta fitar da sakamakon a 2007. Sun ɗauki tayoyi iri 31, kowane iri guda biyu, ɗaya aka ba ta iskar da muka sani, ɗaya naitirojin, duka a geji 30, wato awon matsin iskar da ke cikin tayar. Suka ajiye su a waje shekara guda cur. Da aka auna, masu iska sun rage 3.5, masu naitirojin sun rage 2.2. Bambancin 1.3 ne a shekara. Kuma ku lura, mai naitirojin ɗin ita ma ta rage, don haka zancen wata shida ba ka duba taya ba bai ma taso ba.

Tambayarka ta biyu kuma, ana haɗa su, babu abin da zai faru. In ka yi faci a Oshodi ka karɓi iskar da ta samu.

Direban Lekki:
Malam, wannan gwajin Amurka ne, ƙasar sanyi, kuma tayoyin a ajiye suke ba a kan kwalta ba. Su zo su gwada a Third Mainland da ƙarfe biyun rana su gani. Ku masu karatu kullum lissafi, mu kuma da ke kan sitiyari mu muka san abin da muke ji a jikin mota.

Injiniya (Ikeja):
Tunda an ambaci jirgin sama, bari in sa baki, don a nan nake cin abinci. Gaskiya ne naitirojin muke sa wa tayar jirgi, kuma doka ce, ba gayu ba. Amma dalilin ba shi da alaƙa da Corolla.

A ranar 31 ga Maris 1986 wani jirgin kamfanin Mexicana, ƙirar Boeing 727, ya tashi daga birnin Meziko. Birkin ɗaya daga cikin ƙafafunsa ya yi mugun zafi, ga shi kuma tayar da ke wurin iska aka ba ta maimakon naitirojin. Bayan jirgin ya naɗe ƙafafunsa ciki, tayar ta yi bindiga, ta fasa bututun mai da na haidirolik, wuta ta tashi, jirgin ya faɗi a kan duwatsu. Mutum 167 ne a ciki, babu wanda ya tsira. Abin da ke faruwa shi ne, in roba ta yi zafi ya wuce misali tana fitar da wani tururi mai kama wuta a cikin tayar. In akwai oksijin a ciki, sai ya kama. In babu, ba abin da zai ci. Bayan wannan haɗarin ne hukumar jiragen sama ta Amurka, FAA, ta wajabta a 1987 cewa manyan jirage su riƙa sa wa tayoyin da ke da birki iskar da oksijin ɗinta bai wuce kashi 5 ba.

Yanzu a kwatanta. Tayar jirgi tana ɗauke da geji wajen 200. Tana hawa sama inda sanyi ke kai digiri 50 ƙasa da sifili, in da ruwa a cikinta daskarewa zai yi. Sannan ta sauko ta daki ƙasa da gudun da ya haura kilomita 200 a awa, da nauyin tan da yawa a kanta, birki kuma ya yi jawur. Motar Baban Sadiya daga Agege zuwa Mile 12 a cikin gosulo, yaushe za ta ga wannan?

Masu tsere su kuma abin da suke nema busasshiyar iska ce, don su san takamaimai yadda gejin zai hau in taya ta ɗau zafi. A wurinsu rabin geji yana iya sauya sakamakon tsere.

Ɗan Zango:
Innalillahi, Allah ya kiyaye. Amma Injiniya, direbobin danfo na Oshodi fa su ma tashi suke yi, fuka-fuki ne kawai babu.

Malamin Kimiyya (Surulere):
Direban Lekki, batun zafi ne nake so mu tsaya a kai, don shi ne inda aka fi yaudarar mutane. Iska da naitirojin doka ɗaya suke bi. In zafi ya ƙaru da digiri 5 zuwa 6, gejin tayar ƙaramar mota zai hau da kusan 1, ko wacce ce a ciki. Naitirojin ba ƙanƙara ba ce, ba ta sanyaya taya. Zafin taya daga lanƙwasar robar yake zuwa. Duk juyin da taya ta yi, gefenta yana lotsawa ya miƙe, ya lotsa ya miƙe. In iska ta yi ƙasa, ko kaya sun yi yawa, ko gudu ya yi yawa, lotsawar tana ƙaruwa, zafi ya taru har wayoyin da ke cikin tayar su rabu da robar. Daga nan sai fashewa.

Jif ɗin maigidanka sabuwar taya ce mai tsada a ƙafarta, gejinta daidai, ga ka kai direba kana kula da ita kullum. Tsohuwar motarka fa, wace irin taya ce a jikinta? Ba za ka ɗauki duk wannan bambancin ka ba naitirojin lada ba.

Direban Lekki:
Tokunbo ce a tawa, wannan ban musa ba. Amma ni dai na ga bambanci.

Mai Faci (Alaba Rago):
Salamu alaikum manya. Tun ɗazu nake karantawa, hannuna ne duk baƙin taya. Ni ba ni da injin naitirojin, don haka kar a ce talla nake yi. Amma akwai abin da Malam bai daɗe a kansa ba, kuma shi ne gaskiyar da masu naitirojin suke da ita, wato ruwa.

Injinmu yana zuƙar iskar Legas, kuma kun san iskar Legas jiƙaƙƙiya ce, balle da damina. In injin ya matse ta a tanki, ruwan sai ya kwanta a ƙasan tankin. Akwai wani ɗan famfo a gindin tankin da ake buɗewa a zubar. Ni kowace safiya kafin in ta da inji sai na buɗe shi, abin da ke fitowa ruwa ne ja, mai tsatsa da maiƙo, wani lokaci ya kusa cika gwangwanin madara. Akwai abokan sana'armu da ba su taɓa buɗe shi ba tun da suka sayi injin, famfon ma ya cije. To wannan ruwan ina zai je? Cikin tayarku. In kana so ka gane, kafin a ba ka iska ka ce wa mai facin ya danna bakin tiyo a kan tafin hannunka. In ka ji fesawar ruwa, ka ƙara gaba.

Abin da ruwan nan ke yi, yana cin rim ta ciki, daidai inda bakin taya ke zama. Sai mutum ya zo ya ce tayarsa tana sacewa duk kwana uku, mu tsoma ta a ruwa mu juya mu juya babu ƙusa, sai ka ga 'yan kumfa ƙanana suna fita ta bakin rim. Sai an cire tayar an goge tsatsar da burushin ƙarfe. Naitirojin busasshiya ce, ba ta kawo wannan.

Amma fa ku ji sauran. Lokacin da muke sa taya a rim, ruwan sabulu muke shafa wa bakinta don ta shige. Wani ma kwarara shi yake yi. Wannan ruwan yana nan a ciki. In ka tashi daga nan ka je aka ɗura maka naitirojin, a kan ruwan sabulun aka ɗura ta.

Injiniya (Ikeja):
Allah ya yi wa sana'a albarka, Mai Faci. Wannan shi ne bayani. Busasshiyar iska daga injin da ake zubar wa ruwa, ko wanda aka sa wa matatar ruwa a bakin tiyo, ta ba ka mafi yawan abin da kake nema a naitirojin.

Alhaji Mai Tirela (Ijora):
Yara, na ga kuna ta kai da komo. Ni tun ina yaron mota nake bin hanyar nan, Legas, Ibadan, Ilorin, Jebba, Mokwa, har Kano. Yau Alhamdulillahi motocina ke bi. Tayar tirela tana shan iska ɗari da wani abu, kuma ko wace mota tana da taya fiye da goma sha biyu. Ba na sa naitirojin, kuma ban san mai tirela a Ijora ko Apapa da ke yin haka a cikin abokaina ba.

Abin da na ga yana fasa taya a rayuwata guda uku ne, lodin da ya wuce ƙima, taya mai ƙarancin iska, da birki da ya kama yana dafa rim. Musamman tayar ciki a masu bibbiyu, ita ce maƙaryaciya. Ta sace, amma ta waje ta ɗauke mata nauyi, ido ba zai gani ba. Shi ya sa in mota ta tsaya, yaron mota ke zagayawa da ƙarfe yana bugun kowace taya. Mai iska tana amsawa da ƙara, wadda ta sace kuma sai ka ji ɗif. Duk yaron da bai iya jin wannan ba, ban ba shi mota.

Sannan wani abu da nake hana direbobina. In an yi tafiya taya ta yi zafi, sai wani ya auna ya ga geji ya hau, ya ce bari ya rage kar ta fashe. Kuskure ne babba. Hawan nan na zafi ne, masu ƙera tayar sun san da shi. In ka rage, da ta huce sai ta koma ƙasa da yadda ya kamata, gobe ta fi yin zafi. Taya da sanyin safiya ake auna ta, kafin mota ta motsa.

Baban Sadiya (Agege):
Allah ya ƙara girma, Alhaji. Wannan na ƙarshen ban taɓa jin sa ba sai yau a bakinku.

Maman Iman (Ikorodu):
Sannunku da ƙoƙari. Ni matsalata daban ce amma duk tafiyar ɗaya ce. Sienna nake ja, kullum daga Ikorodu zuwa Yaba. Akwai wata fitila ruwan ɗorawa mai kama da kofaton doki da alamar motsin rai a tsakiya, tana yawan kamawa. Wata ƙawata ta ce in sa naitirojin za ta daina. Na sa, har murfin bawul kore aka ɗaura mini. Sati biyu fitilar ta dawo.

Injiniya (Ikeja):
Hajiya, wannan fitilar gejin taya ce. Motocin da aka ƙera don kasuwar Amurka tun daga ƙarshen 2007 dole ne su zo da ita, shi ya sa yawancin tokunbo ɗinmu suke da ita. Tana kamawa in wata taya ta yi ƙasa da kusan kashi 25 cikin 100 na abin da ya kamata. Ba ta san naitirojin ba, ba ta san iska ba, matsi kawai take aunawa. Ki lura da yadda take yi in kin ta da mota. In ta kama ta tsaya cak, wata taya ce ke sacewa, a duba ƙusa, bawul, ko bakin rim kamar yadda Mai Faci ya ce. In kuma ta yi ta ƙiftawa kamar minti ɗaya kafin ta tsaya, to na'urar ce da kanta ta samu matsala. A yawancin motocin nan na'urar tana manne da bawul ta cikin taya, da ɗan batirinta wanda ke mutuwa bayan wasu shekaru, wani lokaci kuma ƙarfen cire taya ne ke karya ta.

Koren murfin kuma alama ce kawai ta cewa an sa naitirojin, roba ce kamar baƙin.

Maman Iman (Ikorodu):
Ƙiftawa take yi kuwa. To Allah ya saka da alheri. Amma tunda ga Mai Faci a kusa, ina da ƙorafi. Me ya sa duk inda na je sai a ɗura mini 50? Mota ta riƙa tsalle da ni a ramukan Ikorodu kamar ƙwallo.

Ɗan Zango:
Yauwa Hajiya, kin taɓo inda ke mana ƙaiƙayi. Mai Faci fito ka kare kanka.

Mai Faci (Alaba Rago):
Hajiya, laifin namu ne da naku. Na farko, mutane ne ke zuwa su ce a cika ta tam. In ka sa wa mutum 32, sai ya zagaya ya harbi tayar da ƙafa, ya ga cikinta ya ɗan fito ta ƙasa, ya ce ba ka iya aiki ba. Alhali tayar zamani haka take, ko iskarta daidai sai ta ɗan yi ciki. Direban haya kuma yana son ta yi tauri don zai loda mutane da kaya, kuma a ganinsa mai zai ragu. Yaran da ke koyon aiki suna ganin haka kullum, sai su ɗauka kowace taya 45 ko 50 ce.

Na biyu, wasu suna karanta lambar da ke jikin taya, su ga an rubuta 44 ko 51, su ce ai ga shi kamfani ya rubuta. Wannan iyakar abin da tayar za ta iya ɗauka ce, ba abin da motarki ke so ba. Abin da motarki ke so yana jikin wata takarda da aka manna a ginshiƙin ƙofar direba. Ki buɗe ƙofa ki sunkuya za ki gan ta.

Na uku, kuma wannan abin kunyarmu ne, geji. Gejin da ya faɗi ƙasa sau ɗari, mota ta taka shi, ƙasa ta shiga cikinsa. A layinmu in ka auna taya ɗaya a wurin mutum uku, lamba uku za ka samu.

Baban Sadiya (Agege):
Jama'a yanzu na fita na duba. Takardar tana nan a ƙofar direba, an rubuta 32. Maƙwabcina yana da ɗan geji mai batir, na ara na auna, motar tun safe ba ta motsa ba. Gaba na dama 46, gaba na hagu 44, baya ɗaya 39, ɗayar kuma 24. Kuma jiya yaron nan cewa ya yi duka huɗun sun yi ƙasa.

Malamin Kimiyya (Surulere):
To ka gani. Muna gardama a kan 1.3 a shekara, alhali tsakanin tayarka ta gaba da ta baya akwai 22. Mai 46 ɗin tsakiyarta ce za ta riga cinyewa, kuma ba ta kama ƙasa sosai in ana ruwa. Mai 24 ɗin ita ce abar tsoro, ka kai ta a tsoma a ruwa yau.

Direban Lekki:
Duk na ji. Amma ku amsa mini, in mutum yana da hali, kuma ya daidaita gejinsa, sa naitirojin laifi ne? Kun ce da bakinku ta fi daɗewa kuma ba ta da ruwa.

Injiniya (Ikeja):
Ba laifi ba ne ko kaɗan, ba ta cutar da taya. In kyauta ake ba ka a inda ka sayi taya, karɓa. Amma in za ka biya, ka tabbata abin da ka biya aka ba ka, don a nan ma akwai magana. Taya in an sace ta har ta kwanta, ba wai babu komai a cikinta ba ne, akwai iska daidai da ta waje. In aka ɗura naitirojin sau ɗaya zuwa 32, kusan kashi ɗaya cikin uku na abin da ke ciki tsohuwar iskar ce. Ko da injin yana ba da mai tsarkin kashi 95, abin da za ka tashi da shi bai wuce wajen 90 ba. Sai an cika an sace, an cika an sace, sau biyu ko uku, kafin a kai inda ake so. Injuna masu kyau da kansu suke yin wannan, za ka ji suna hurawa suna saki. In ka ga yaro ya cire bawul, ya mayar, ya ɗura sau ɗaya ya miƙo hannu, to rabin aiki ya yi.

Kuma injin ba daga wani wuri yake kawo naitirojin ba, iskar wurin yake tacewa ya ware oksijin. Matatar tana gajiya in ba a kula da ita. Ido ba ya bambance su, hanci ba ya bambancewa. Akwai ɗan abin aunawa na hannu da ake dannawa a bawul ya nuna kashi nawa ne. Ka tambaye su ko suna da shi.

Direban Lekki:
Inda muke zuwa injin yana yin wannan hurawa da sakin da kansa, na sha tsayawa ina kallo. Kuma gejinsu na kwamfuta ne, ka danna lamba ya tsaya a kanta. Ni dai ba zan bari ba.

Malamin Kimiyya (Surulere):
Ina zargin gejin kwamfutar nan ne yake maka aikin da kake yaba wa naitirojin.

Ɗan Zango:
Ni tambayata ta mai ce. Tun da aka cire tallafi a Mayun 2023 rabin abin da nake samu a Bolt a gidan mai yake ƙarewa. An ce naitirojin tana rage shan mai. In gaskiya ne gobe da asuba ina layi.

Malamin Kimiyya (Surulere):
Ma'aikatar makamashi ta Amurka ta ce duk geji 1 da tayoyin mota suka yi ƙasa a matsakaici, shan mai yana ƙaruwa da kusan kashi 0.2 cikin 100. Ɗauki 1.3 ɗin can ka ninka, bai kai kashi 0.3 ba. A man naira dubu ɗari, ƙasa da naira ɗari uku ke nan, kuma sai in ka shekara ba ka duba taya ba. In kana dubawa duk wata, ribar ta zama babu. Abin da ke shan man shi ne tafiya da taya irin ta Baban Sadiya mai 24.

Ɗan Zango:
Ɗari uku ko ruwan leda na yini ba za ta saya mini ba. Na fasa asubancin.

Alhaji Mai Tirela (Ijora):
Direban Lekki ya ambaci tokunbo ɗazu aka wuce. Ni a wurina nan maganar take. Da muna da kamfanonin taya a ƙasar nan, Michelin a Fatakwal, Dunlop a nan Ikeja. Michelin ta rufe a 2007, Dunlop ta bi ta a 2008. Tun daga nan komai daga waje yake zuwa, mai kyau da marar kyau. Tsofaffin tayoyin ƙananan motoci suna cikin kayan da kwastan ta haramta shigowa da su, amma ku je kasuwar kayan mota ta Ladipo ku gani da idonku. Sababbin ma wasu cusa su ake yi, taya cikin taya cikin taya, don kwantena ta ɗauki da yawa. Hukumar SON mai kula da ingancin kaya ta sha kama irin waɗannan. Tayar da aka lanƙwasa haka wayar bakinta ta riga ta ji ciwo tun kafin ta taka ƙasa. Ka sa mata naitirojin, ka sa mata iskar Makka ma in kana so.

Mai Kula da Zaure:
Alhaji a yi mana afuwa, kar mu bar batun naitirojin mu koma siyasar taya. Wanda ke son wannan ya buɗe sabon zance.

Alhaji Mai Tirela (Ijora):
Ɗana, ai zancen ɗaya ne. Yaron gidan mai ya ce wa mutum tayarsa ba za ta fashe ba, ni kuma ina gaya masa abin da ke fasa ta.

Maman Iman (Ikorodu):
Ku bar Alhaji ya ƙarasa don Allah, mu muna ƙaruwa. Yaya ake gane tsohuwar taya in zanenta bai cinye ba?

Mai Faci (Alaba Rago):
Hajiya ki duba gefen tayar, inda aka rubuta DOT. A ƙarshen layin akwai lamba huɗu, yawanci a cikin ɗan zagaye. Biyun farko sati ne, biyun ƙarshe shekara. In kin ga 3519, an yi ta a sati na 35 na 2019. Wani lokaci lambar tana ta ɓangaren ciki, sai an leƙa ƙarƙashin mota. In kin ga wurin an goge shi ko an ƙona an sake bugawa, ki bar ta ko nawa aka rage miki. Sannan ki duba 'yan tsage-tsage ƙanana a gefe da cikin zanen, alamar roba ta bushe ke nan.

Direban Lekki:
'Yan FRSC, hukumar kiyaye haɗurra a hanya, shekara huɗu suke cewa taya ta ƙare, a kan haka suke tare mutane a hanyar Ibadan.

Injiniya (Ikeja):
Haka suke cewa. Masu ƙera tayar kuma ba su tsaya a huɗu ba, Michelin misali cewa take bayan shekara biyar a riƙa kai ta ana dubawa duk shekara, in ta kai goma a cire ta ko da zanenta na nan. Sai dai da irin ranarmu da ramukanmu da lodinmu, ni ba zan kai taya goma ba. Kuma a kan titi ba Michelin ce za ta tsayar da kai ba.

Baban Sadiya (Agege):
Na dawo daga wajen mai faci. Mai 24 ɗin bawul ne ke yoyo, an canza shi. Na tsaya a kansa da gejin maƙwabcina har sai da duka suka zo 32, yana ta ce mini oga wannan ba ta cika ba. Na duba lambar kuma, uku na 2022 ne, ɗaya 2016.

Alhaji Mai Tirela (Ijora):
Dubu huɗun nan ka ajiye ta, ka fara tarin kuɗin canza ta 2016 ɗin. Kafin nan kar ka hau hanyar Ibadan da iyali.

Ɗan Zango:
Gejin mai batir ɗin a ina ake samu? Kar a ce mini Ladipo, in je sayen geji in dawo babu madubi.

Mai Faci (Alaba Rago):
Masu kayan mota a Agege ma suna da shi, har na alƙalami mai arha. In ka saya ka gwada shi da na kwamfuta a gidan mai, in sun yi kusa ka riƙe shi, kar ka bari ya riƙa faɗuwa.

Maman Iman (Ikorodu):
Tambaya ta ƙarshe. Safayar motata 'yar siririya ce, tana maƙale a ƙarƙashin mota, ban taɓa sauke ta ba tun da na saya. Ita ma 35 zan sa mata kamar sauran?

Mai Faci (Alaba Rago):
A'a Hajiya, 'yar siririyar nan 60 take sha, an rubuta a jikinta. Ki sa a sauke ta a wannan satin, don ƙarfen da ke riƙe ta yana yin tsatsa da ruwan Ikorodu, ranar da kike buƙatarta sai ya ƙi kwancewa. In kin sa ta kuma kar ki wuce gudun kilomita 80 a awa, iyakarta ta kai ki wajen mai faci.